Yadda za ku karrama tsohon soja mai aikin sa kai na taimakon jama'a bayan rasuwarsa

Da farko ku nemi izinin iyalinsa, don Allah kar ku yi gaban kanku. In sun amince sai ku tattaro hotunansa cikin kaki, lambobin yabo da takardar sallama, a duba muƙaminsa da bataliyarsa da kyau saboda kuskure a nan yana ƙona ran abokan aikinsa sosai wallahi.

Sai ku nemo waɗanda ya taimaka bayan ritaya, kowa ya faɗi abin da ya gani da idonsa, ko da dattijuwar da yake rakawa asibiti ce, ku naɗa a waya.

Ranar taron karramawar a yi shiru na minti 1, a karanta tarihinsa a gajarce. Aikin sa kan da ya bari kuma a samu mai karɓa tun kafin a watse.