Yadda nake nuna wa ɗalibaina tasirin ƙarfin asid da ɓawon ƙwai

Makarantar da nake koyar da kimiyyar sinadarai ba ta da ɗakin gwaji mai kayan aiki, kuma na gaji da ganin yara suna haddace "idan ƙarfin sinadari, wato yawansa a cikin ruwa, ya ƙaru, saurin haɗuwarsa da wani yana ƙaruwa" alhali ba su taɓa gani da idonsu ba. Don haka na koma ga abin da ke kicin.

Ka tanadi ruwan kal na kanti, wanda yawanci asid ɗinsa kashi 5 ne cikin 100, da kofunan gilashi uku, da sirinji, da ɓawon ƙwai, da agogon wayarka. A kofi na farko zuba kal zalla, mililita 60. A na biyu, kal 30, ruwa 30. A na uku, kal 15, ruwa 45. Dukkansu 60 ke nan, kuma duk ruwan daga randa ɗaya, don kada wani ya fi wani ɗumi.

Ɓawon ne ke buƙatar haƙuri. Ka wanke shi, ka ɓare fatar nan ta ciki, ka bar shi ya bushe, sannan ka fasa gutsure uku masu girma ɗaya, kamar farcen ƙaramin yatsa. Kada ka daka shi, domin gari ya fi gutsure saurin ci, sai ka rasa sanin abin da ya kawo bambancin. Na taɓa gwadawa da allin aji, gaban ɗalibai hamsin, ko kumfa ɗaya bai fito ba. Wani allin da ma'adinin jifsam ake yin sa, shi kuwa ba ya tafasa a kal. Ɓawon ƙwai kalsiyam kabonet ne, asid na taɓa shi sai iskar kabon dayoksaid ta fara fita.

Sa yara uku su jefa gutsuren lokaci guda, kowanne da mai riƙe masa agogo. Za ka ga ƙananan ƙwayoyin iska suna lulluɓe ɓawon, na kofin farko tun da wuri, na uku kuwa jefi-jefi. Su ƙirga kumfar da ke tasowa cikin minti ɗaya, a maimaita sau uku da sabon haɗi, a rubuta.

Nan nake tsayawa in tambaye su dalili, kuma kusan kullum wani zai ce, "Malam, ƙwayoyin asid ɗin sun fi gudu." A'a. Gudu aikin zafi ne. Sai in ce su tuna Kasuwar Kurmi da sassafe, da kuma ranar jajibirin Sallah. Tafiyar mutane ɗaya ce, amma ranar jajibiri ba ka taku biyar ba ka gogi kafaɗar wani ba. Haka ƙwayoyin asid suke cunkushe a kofin farko, suna yawan karo da fuskar ɓawon. Ba kowane karo ne ke haifar da canji ba, sai wanda ya zo da isasshen ƙarfi, amma yawan karon yana ƙara yawan masu dacewa.

Abu ɗaya da nake roƙon 'yan'uwana malamai: kada ku yi wa yara alƙawarin cewa rabin kal zai ba da rabin sauri daidai wa daida. Asid ɗin kal mai rauni ne, kaɗan daga cikinsa ke rabuwa a ruwa, don haka lissafin ba ya tafiya haka. Idan ɗalibi ya lura kumfar tana raguwa da tafiyar lokaci, ka yaba masa, ka tambaye shi ina asid ɗin da ke kewaye da ɓawon ya tafi.