Yadda matan ƙabilar Miao ke zanen kaki da rinin shuni

A ƙauyukan Danzhai na lardin Guizhou a ƙasar Sin, haka aikin ke tafiya:

1. Ki wanke farin yadin auduga, ya bushe.

2. Ki narka kakin zuma a kan garwashi. Ki tsoma ƴar wuƙar jan ƙarfe mai ƙotar gora, ki zana tsuntsu ko malam-buɗe-littafi, wanda Miao ke ɗauka uwar kakanninsu. Nan gwaninta take, domin kakin na saurin daskarewa.

3. Ki nutsa yadin cikin ruwan baba. Zai fito kore, iska ce ke mayar da shi shuɗi, kamar a marinar Ƙofar Mata ta Kano. Ki maimaita har ya yi duhu.

4. Ki tafasa shi, kakin ya fita, zanen ya bayyana fari tas.