Yadda ake sake fasalin matsala kafin neman mafita

A 2007 aka ba wasu ɗaliban jami'ar Stanford ta Amurka aikin ƙera kwalbar jarirai bakwaini mai arha. Da ɗayansu ya je Nepal, sai ya tarar yawancin jariran a ƙauye ake haihuwarsu, nesa da asibiti da lantarki. Tambayar ta koma: ta yaya uwa za ta ɗumama jaririnta a gida? Daga nan aka samu Embrace, 'yar jaka mai riƙe ɗumi na sa'o'i.

Wannan sauya tambayar shi ne ƙashin bayan wannan hanya ta warware matsala, kuma shi aka fi tsallakewa.

Fara da mutum biyar zuwa takwas da matsalar ta shafa, a inda take samunsu. Ku je ku biyu, ɗaya na tambaya, ɗaya na rubutu. Kada ka ce "za ka so kaza?", domin kunya za ta sa a amsa maka da e. Ka ce "ba ni labarin karo na ƙarshe da hakan ta faru." Lura da dabarun da suka ƙirƙira don su samu sauƙi, a nan buƙatar take ɓoye.

Sai ka bi kowane ƙorafi da "me ya sa?" har sau biyar, kamar yadda ake yi a Toyota. Rubuta matsalar a jimla ɗaya: wane ne, me yake buƙata, don me. Idan sunan wani kaya ya shiga jimlar, manhaja ko na'ura, goge shi, ka riga ka yanke hukunci ke nan. Idan kuma ta yi faɗi, irin "inganta lafiya", ba mai sanin inda zai kama. Rubuta siga uku, ka zaɓi wadda ta fi haifar da dabaru mabambanta.

Wajen kawo dabaru, kowa ya rubuta nasa shi kaɗai na minti 10 kafin a buɗe baki. In ba haka ba, ra'ayin babba zai danne na saura.

Samfurin farko ka haɗa shi da takarda ko kwali cikin yini ɗaya. Idan ya yi kyau da yawa, mutane za su ji nauyin kushe shi, kai ma za ka ji ciwon jefar da shi. Miƙa wa mutum biyar ba tare da bayani ba, ka yi shiru ka kalli inda suka tsaya. Idan uku sun maƙale a wuri guda, gyara wurin. Idan sun gane shi sarai amma bai dame su ba, koma kan jimlar matsalar ka sake ta.