Darasi na Bakwai: Idan Gobara Ta Tashi, Wa Zai Ɗauki Wa?

Gobara ta fi yawa da hunturu. Komai ya bushe, iska na kaɗawa, ga mutane na shiga ɗaki da gaushi don jin ɗumi. Wani kuma ya manta hita a bokiti bayan an ɗauke wuta, sai a dawo da ita tsakar dare kowa na barci.

Babba in ya ga hayaƙi, ƙofa yake nufa. Ƙaramin yaro ɓuya yake yi, ƙarƙashin gado ko bayan labule, balle in shi ya yi wasa da ashana yana tsoron duka. Don haka maigida da iyalinsa su zauna tun ana lafiya su raba yaran. Jariri na uwarsa ne. Ɗan shekara uku fa? Kaka da ba ta iya sauri fa? A ambaci sunan mai ɗaukar kowa, a gaban kowa. Gidan da ke da mata biyu ko uku ya fi buƙatar wannan zama, don a nan ake jin "ai na zaci yana ɗakinki."

Yawancin gidajenmu ƙofa ɗaya ce, ta soro, tagogi kuma duk an sa musu ƙarfe. To, makulli ya riƙa kwana a ƙusa ɗaya da kowa ya sani, ba a aljihun maigida ba. Babur da jarkar fetur kada su kwana a soron nan.

A tsayar da wurin haɗuwa, misali ƙofar masallacin unguwa. A can za a ƙirga mutane. Wanda ya fito ya fito ke nan, ko takardun gida ne suka rage a ciki.

A koya wa yara cewa hayaƙi sama yake yi, saboda haka da rarrafe ake fita. In riga ta kama, gudu hura ta yake yi. A kwanta a yi birgima. Mai in ya kama a kasko, murfi ake kifawa, ba a zuba ruwa. Ƙuna kuwa, a yi ta kwarara mata ruwa mai sanyi minti 20 kafin a tafi asibiti. Ban da manja, ban da ƙwai, ban da man goge baki.

Lambar neman agaji a Najeriya 112 ce, kiran kyauta ne. A Nijar, 'yan kwana-kwana suna kan 18.

Aikin gida

Rubuta sunayen yaran gidanku, kowanne da sunan mai ɗaukarsa. Rubuta lambar agaji da manyan baƙi ka manna a bangon soro. Ranar Juma'a bayan la'asar, ku gwada fita gaba ɗaya, ka zo aji ka gaya mana wanda aka bari a baya.