Yadda makaho zai bi hanya da taswirar waya a Katsina

'Yan uwa makafi sun yi ta tambayata yadda waya ke yi wa mutum jagora. Ga matakan:

1. Cika wayarka da caji tun a gida, GPS, wato abin da ke gano inda kake, na shan batir sosai.

2. Kunna TalkBack, mai karanta maka rubutun waya, idan Android ce. A iPhone, VoiceOver ne.

3. Kunna Location da data. Hattara: taswirar da aka sauke don aiki ba tare da intanet ba, ba ta nuna hanyar ƙafa.

4. Sa iyafis a kunne ɗaya kawai. Ɗayan na jin keke napep da babura ne, don Allah kada ka toshe shi.

5. Buɗe Google Maps.

6. Danna makirufo, ka faɗi inda za ka. Sanannen wuri ya fi, kamar Hasumiyar Gobarau ko Ƙofar Ƙaura.

7. Saurari sunan da ta kawo. Nan ake yawan kuskure: akwai Tudun Wada a Kano, akwai a Zariya. Tabbatar ta ce Katsina.

8. Zaɓi tafiyar ƙafa.

9. Danna Start.

10. Riƙe sandarka kamar kullum. Waya ba ta san kwata, rami ko teburin mai rake ba, kuma takan kauce da 'yan mitoci, musamman a lungunan cikin gari.

11. Idan ta ce ka iso, yi sallama ga na kusa, ka ce ya nuna maka ƙofar.