Yadda Ake Gyaran Tsohon Gidan Sarauta a Karkarar Ingila Ba Tare da An Ɓata Shi Ba

A kusa da garin Rotherham, a arewacin Ingila, akwai wani katafaren gida da ake kira Wentworth Woodhouse, wanda tsawon fuskarsa ta gabas ya kai kimanin mita 185, kuma ɗakunansa sun haura 300. Irin waɗannan gidaje ne masu sarauta da attajiran Ingila suka riƙa ginawa a tsakiyar gandayensu, nesa da hayaniyar birni, kuma da yawa daga cikinsu an rushe su bayan Yaƙin Duniya na Biyu, musamman a shekarun 1950, lokacin da harajin gado da tsadar gyara suka fi ƙarfin magada. Wanda ya ɗauki nauyin ɗaya daga cikin waɗanda suka tsira, ko mutum ne ko gidauniya, ba shi da ikon ya kira birkila da kafinta su fara aiki yadda ya ga dama, domin doka ta ɗaure masa hannu, kuma ginin kansa yana da nasa sharuɗɗan.

Abu na farko shi ne a san matsayin gidan a gaban doka. Hukumar Historic England ce ke riƙe da rajistar gine-ginen tarihi na Ingila, kuma kowa yana iya duba ta kyauta a intanet. Rajistar ta kasa gine-gine mataki uku: mataki na I ga waɗanda darajarsu ta fita daban, kuma ba su wuce kashi 2.5 cikin ɗari ba. Mataki na II mai tauraro. Sai mataki na II, inda fiye da kashi 90 cikin ɗari suke. Wentworth Woodhouse yana mataki na I. Inda mutane suka fi yin kuskure shi ne zaton cewa fuskar gini kaɗai doka ta kare. Kariyar da dokar gine-ginen tarihi ta 1990 ta bayar ta haɗa ciki da waje, da duk abin da aka kafe a jikin ginin, kamar matakala da murhu da adon silin, har ma da gine-ginen harabar da suke tsaye tun kafin ranar 1 ga Yuli, 1948, ko da ba a ambace su a rubutun rajistar ba. Wasu kuma suna da rajistarsu ta daban, kamar bargar dawakin Wentworth wadda John Carr ya zana. Yana da kyau mai saye ya sa lauyansa ya bincika ayyukan da masu gidan na baya suka yi, saboda aikin da aka yi ba da izini ba laifinsa ba ya ruɓewa, kuma ƙaramar hukuma tana iya tilasta wa sabon mai gida ya mayar da abin yadda yake da kuɗin aljihunsa.

Daga nan sai a karanci ginin kafin a taɓa shi, kuma wannan aiki ne da ba ya son gaggawa. Tsohon gida irin wannan da wuya a ce hannu ɗaya ne ya gina shi. Wentworth Woodhouse kusan gida biyu ne da suka juya wa juna baya. Fuskar yamma, wadda aka fara a shekarun 1720, ta jan bulo ce mai yawan ado, amma tun kafin a gama ta salon ya fita daga yayi a wurin manyan lokacin, sai aka tayar da fuskar gabas da dutse, a bisa salon Palladio mai ginshiƙai da daidaiton dama da hagu, kuma Henry Flitcroft ne ya jagoranci yawancin wannan aiki. A bayan bangon duka biyun akwai ragowar wani gida da ya girme su. Don haka ake ɗauko masanin tarihin gini da mai zanen gini wanda ya ƙware a tsoffin gine-gine, su auna kowane ɗaki, su duba tsoffin taswirori da takardun iyali, su kankare ɗan fenti a wani lungu don a ga launukan da aka shafa tun farko, sannan su rubuta bayani a kan abin da ya fi daraja da abin da aka liƙa daga baya. Wannan bayani shi ne zai raka takardar neman izini, kuma shi ne zai hana a fasa bangon da ya shekara 300 don kawai a wuce da bututun ruwa.

Idan aka zo ga tsara aiki, daga sama ake farawa. A ganina duk wanda ya kashe kuɗinsa a kan labule da fenti alhali rufi yana yoyo ya yi aikin baban giwa. Ruwa ne babban maƙiyin waɗannan gidaje, kuma ƙasar ba ta rabuwa da yayyafi. Rufinsu na fale-falen dutse ne da shimfiɗar dalma, kuma sau da yawa magudanar ruwan tana ɓoye a bayan gajeren bangon da ya kewaye saman ginin, ta yadda mai tsayuwa a ƙasa ba zai ga komai ba. Ganyen kaka da gashin tattabaru su toshe bakin indararo, ruwa ya taru, ya bi ta ƙarƙashin dalma ya jiƙa kan azara inda ta shiga bango, daga nan wani irin naman gwari mai cin katako ya kama, ya bazu a bayan yaɓe shekara da shekaru ba wanda ya sani, sai ranar da wani ɓangare na silin ya faɗo. Lokacin da gidauniyar da ke kula da Wentworth ta saye shi a 2017 a kan fam miliyan 7, tallafin fam miliyan 7.6 da gwamnati ta bayar a kan gyaran gaggawa aka kashe shi, galibi a kan rufi, kafin a waiwayi ɗakunan alfarma. Ko bayan an gama babban gyara, a sa wani ya riƙa hawa yana share magudanai aƙalla sau biyu a shekara, ya kuma zaga gidan ana tsakiyar ruwan sama, domin a lokacin ne ake ganin inda ruwa ke malala a jikin bango.

Kafin a ɗaga ko da falle ɗaya na rufin, a tuna da jemagu. Doka ta kare su da makwancinsu a Birtaniya, kuma suna son ƙarƙashin tsohon rufi, saboda haka sai ƙwararre ya yi bincike, idan an same su a nemi lasisi daga hukumar Natural England, a kuma daidaita lokacin aiki da lokacin haihuwarsu. Wannan kaɗai yana iya ɗage aiki da watanni.

Neman izinin kuwa, a wurin ƙaramar hukumar yankin ake yin sa, kuma ba a biyan kuɗi a kan takardar izinin gyara ginin tarihi, ko da yake shirya zane da bayanai yana cin kuɗi sosai. Dabara ita ce a gayyaci jami'in ƙaramar hukuma mai kula da gine-ginen tarihi tun kafin a zana komai, a zaga da shi, a ji abin da zai yarda da shi da wanda ba zai yarda ba. A ƙa'ida ana yanke hukunci cikin mako 8, amma ga gidan mataki na I ko na II mai tauraro dole a sanar da Historic England, idan kuma akwai rushe wani sashe sai an ji ta bakin ƙungiyoyin kare tsoffin gine-gine irin su Georgian Group. Ƙaramin gyara da aka yi da irin kayan asali, kamar maye falle guda da ya fashe da irinsa, galibi ba ya buƙatar izini, sai dai iyakar da ke tsakanin gyara da sauyi siririya ce, don haka a tambaya a rubuce. Yin aiki ba izini laifi ne da kotu ke hukuntawa da tara marar iyaka ko ɗaurin da zai kai shekara 2, kuma hukuncin yana iya hawa kan magini kamar yadda yake hawa kan mai gida.

Batun kayan aiki shi ne inda mai karatu na ƙasar Hausa zai fi saurin ganewa. Duk wanda ya ga an yaɓe katangar ƙasa da siminti ya san yadda abin ke ƙarewa: danshi ya maƙale a ciki, ƙasar ta jiƙe, simintin ya ɓalle ɓawo-ɓawo ya tafi da fuskar katangar. Haka yake faruwa da tsohon bulo da dutsen Ingila, waɗanda aka gina da kwaɓin farar ƙasa da yashi. Wannan kwaɓi ya fi dutse laushi, yana barin danshi ya fita, kuma yana jure ɗan motsin da gini ke yi, saboda haka shi ne ke cinyewa a hankali, dutsen ya tsira. Idan aka cike tsakanin duwatsu da siminti, ruwa zai nemi hanya ta cikin dutsen, sanyin hunturu ya daskarar da shi, fuskar dutsen ta dare. Aikin farar ƙasa yana son haƙuri, ba a yin sa lokacin da ruwa ke daskarewa, kuma akan lulluɓe shi da algarara mai laima don kada ya bushe da sauri. Ra'ayin da William Morris da abokansa suka kafa ƙungiyar kare tsoffin gine-gine ta SPAB a kansa a 1877 shi ne har yau ya fi rinjaye: a gyara abin da ya lalace kawai, a bar sauran da tsufansa. Idan gindin taga ya ruɓe, kafinta ya yanke ruɓaɓɓen ya ɗora sabon katako, a adana tsohon gilashin nan mai ɗan lanƙwasa wanda ke sa bishiyoyin waje su yi kamar suna rawa. A sa a lissafi cewa yawancin gyara yana ɗauke da harajin VAT na kashi 20 cikin ɗari, kuma a 2012 an soke rangwamen da ake yi wa ayyukan da aka ba izini.

Lokacin da magina suke kan rufi shi ne lokacin da gidan ya fi shiga haɗarin gobara. A ranar 30 ga Agusta, 1989, wuta ta tashi a gidan Uppark da ke Sussex, mallakar gidauniyar National Trust mai kula da wuraren tarihi, daga wutar da ma'aikata ke liƙe dalma da ita, ana dab da kammala gyaran rufin. Ma'aikata da baƙi da 'yan kwana-kwana suka yi ta fitar da hotuna da kujeru daga ɗakunan ƙasa yayin da saman ke ci, daga baya aka tankaɗe tokar ɗaki-ɗaki ana tsince gutsattsarin ado, kuma sai a 1995 aka sake buɗe gidan. Saboda haka a rubuta a cikin kwangila cewa ba za a kunna wuta a kan rufi ba sai da izini a rubuce, a yi waldar dalma a ƙasa duk inda ya yiwu, a dakatar da aikin wuta sa'o'i kafin tashi, a bar mai tsaro yana duba wurin. A duba wayoyin lantarki su ma, domin daga akwatin rarraba wuta gobarar da ta cinye gidan Clandon Park ta tashi a 2015. A ƙarshe a shirya jerin kayan da za a fara fitarwa idan ta ɓaci, da hoton kowanne da ɗakin da yake da adadin mutanen da za su iya ɗaukarsa, a ajiye kwafi ɗaya a wajen ginin, a kuma zaga da 'yan kwana-kwanan yankin su san ƙofofi da matakalai da inda za su ja ruwa.