Kurakuran da ake yi wajen ƙiyasta farashin tsohuwar Porsche 911

Motar da ake saya domin zirga-zirgar yau da kullum darajarta sauka take yi duk shekara, kuma kowane gogaggen dillalin motocin Kwatano zai iya faɗin kuɗinta da kallo ɗaya. Tsofaffin motocin gudu masu ƙofa biyu, waɗanda ake nema domin sha'awa da ajiya, ba a kan wannan ma'auni suke ba. Porsche 911 mai injin da iska ke sanyayawa, wadda kamfanin ya ƙera a Jamus daga 1964 zuwa 1998, ta isa misali: ana iya ajiye guda biyu 'yan shekara ɗaya, masu launi ɗaya, ɗaya ta ninka ɗayar kuɗi, kuma babu wanda aka cuta a cikin cinikin biyu. Mafi yawan kurakurai suna faruwa ne saboda mai saye yana yi wa sunan motar kuɗi, alhali abin da zai biya wa kuɗin mota ɗaya ce tak, da tsatsarta da takardunta da tarihin hannayen da ta bi.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar kuɗin da aka yanka wa mota a talla a matsayin darajarta. Duk wanda ya saba da kasuwa ya san akwai tazara tsakanin abin da mai kaya ya fara faɗa da inda aka sallama, amma da zarar mutum ya ga lambobi a rubuce a intanet sai ya manta da wannan. Tallar da ta shafe wata shida ba a taya ba shaida ce cewa kasuwa ta ƙi wannan farashi. Gyaran shi ne a nemi cinikin da ya faɗa, kuma ana samunsa a sakamakon gwanjon da kamfanoni irin su Bring a Trailer da RM Sotheby's da Bonhams suke wallafawa tare da hotunan motocin. A nan ma sai an lura ko an haɗa da la'adar masu gwanjo, domin a Amurka RM Sotheby's na karɓar kashi 12 cikin ɗari daga mai saye a kan dala 250,000 na farko, wanda ke nufin motar da aka buga wa guduma a kan dala 100,000 ta tsaya wa mai ita a dala 112,000. Haka kuma a dubi ranar cinikin. Farashin waɗannan motoci ya yi tashin gwauron zabi tsakanin 2013 da 2015, ya lafa, sannan ya sake hawa a lokacin annobar korona, saboda haka cinikin da ya wuce shekara ɗaya ko biyu yana iya ɓatar da mutum ta kowane ɓangare.

Daga nan sai kwatanta motoci biyu da suna kawai ya haɗa su. Tsakanin 1969 da 1973 akwai 911T da 911E da 911S, jikinsu kusan ɗaya amma injinsu da darajarsu sun sha bamban, kuma S ce a sama. Carrera RS ta 1973, wani samfurin 911 na musamman wanda guda 1,580 kacal aka yi, tana ninka 911T kuɗi sau da yawa, kuma wannan ne ya sa aka mayar da T masu yawa zuwa kamannin RS ta hanyar sauya bamba da ƙara mata ɗan fiffiken baya da rubutun gefe. Irin wannan mota tana iya yin daɗin tuƙi, amma kuɗin T ya kamata a biya, watakila ma ƙasa da haka. Ko a cikin Carrera 3.2 ta 1984 zuwa 1989, waɗanda aka yi daga 1987 suna ɗauke da giyabos ɗin G50, kuma kasuwa ta fi ba su daraja a kan na baya. Galibi mai rufin ƙarfe ta fi Targa mai rufin da ake cirewa kuɗi. Lambar shasi ce take raba gardama, tare da lambar da aka buga a jikin inji kusa da fanka. Idan lambobin sun dace da bayanan da kamfanin ya ajiye tun ranar da motar ta fito daga masana'anta, an tabbatar injinta na asali ne, idan kuwa ba su dace ba, to akwai ragi mai kauri da ya wajaba a nema.

Kamfanin inshorar tsofaffin motoci na Hagerty ya kasa lafiyar mota gida huɗu, daga lamba 1 wadda ta isa gasar nuni har zuwa lamba 4 wadda take tafiya amma aibinta a fili yake. Kusan duk mai sayarwa yana ganin tasa lamba 2 ce. A ganina mai saye ya fi zama lafiya idan ya fara lissafi daga lamba 3, ya bar motar ta nuna masa da hujja cewa ta wuce nan.

Inda aka fi yin asara mai yawa shi ne wajen tsatsa, domin ido yana tafiya ga sheƙin fenti, shi kuwa fenti shi ne abu mafi sauƙin sabuntawa kafin a kai mota kasuwa. Sai daga samfurin 1976 Porsche ta fara yi wa kusan dukan jikin 911 rufin sinadarin da ke kare ƙarfe daga tsatsa, don haka duk wadda ta girmi wannan shekara abar tuhuma ce har sai an bincika, musamman idan ta zauna a Ingila ko arewacin Turai ko jihohin Amurka da ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara. Injin 911 a baya yake, but ɗinta kuwa a gaba, to a buɗe but ɗin, a ɗage shimfiɗar, a fitar da tayar safaya, a haska tocila ƙarƙashin batir. Ruwan batir yana ɗiga a nan shekara da shekaru yana cin ƙarfen da ke riƙe da ƙafafun gaba, kuma sau da yawa za a ga an shafe wurin da baƙin kwalta mai kauri wanda idan aka danna da sukuddireba sai ya lotsa. A duba dogarin da ke ƙarƙashin ƙofofi, da gindin ginshiƙin da ƙofa ke kullewa a jikinsa, da bututun da ke riƙe da ƙafafun baya. Ƙaramin maganaɗisu da aka naɗe a ƙyalle yana taimakawa, domin yana kama ƙarfe amma yana sulluɓewa a inda falabita ya cika rami da fila, ko da yake na'urar auna kaurin fenti ta fi shi faɗin gaskiya. Abin da ya sa wannan bincike ya fi kowane muhimmanci shi ne cewa jikin motar shi ne ƙashinta, ba ta da wani shasi daban da za a ɗora sabon jiki a kai, kuma yanke ruɓaɓɓen ƙarfe a walda sabo yadda ya kamata aiki ne na watanni da kan ci fiye da ragin da aka samu wajen saye. A wannan kasuwa dai araha ba ta ado.

Inji ma ana yi masa gurguwar fahimta, a ji ya tashi da bugu ɗaya yana ƙara mai daɗi a ce lafiyarsa ƙalau. Kowane zamani na 911 yana da ciwon da aka san shi da shi. Injin lita 2.7 na 1974 zuwa 1977 an zuba gangar jikinsa da ƙarfen maganiziyam mai laushi, kuma zafi yakan sa dogayen kusoshin da ke ɗaure kan silinda su zare daga mazauninsu. A 911 SC ta 1978 zuwa 1983 kusoshin karyewa suke yi, motar kuma tana iya ci gaba da tafiya da ɗaya ko biyu a karye ba tare da direba ya sani ba. Ba a gano wannan sai bakaniken da ya san motar ya buɗe murfin bawul na ƙasa ya duba, ya kuma yi gwajin matsin kowace silinda daga cikin shidan. Kuɗin wannan bincike kaɗan ne idan aka kwatanta da sauke inji, kuma mai sayarwar da ya ƙi yarda a kai motarsa wurin bakaniken da mai saye ya zaɓa ya riga ya ba da amsa. Ɗan yoyon baƙin mai kuwa, wanda yakan firgita sabon shiga, abu ne da aka saba gani a waɗannan injuna, kuma shi kaɗai bai isa ya rushe ciniki ba.

Lambar da mita ke nunawa ba abar dogaro ba ce. Yawancin motocin shekarun 1960 da farkon 1970 lambobi biyar mitarsu take da su, tana kaiwa 99,999 ta koma sifiri, a na shekarun 1980 kuma akwai ɗan haƙorin roba da kan karye mitar ta tsaya cik. Tarin rasiɗan gareji masu kwanan wata da adadin tafiya a jere su ne shaida, kuma mota mai tafiya da yawa da cikakkun takardu ta fi wadda aka ce ta yi shekara goma a kulle, domin zama yana busar da robobi ya lalata burki da tankin mai.

Masu sayarwa su ma suna da nasu kuskuren, wato tara duk abin da suka kashe a kan motar su ce shi ne farashinta. Kasuwa ba ta biyan wannan. Wanda ya sauya launin asali, ko ya sa manyan ƙafafu da kujerun zamani da rediyo mai allo, ya kashe kuɗi ne wajen rage darajar motarsa a idon masu tara irinta, sai fa idan ya adana kayan asalin ya miƙa su tare da ita. Hanyar da ta fi daidai ga ɓangarorin biyu ita ce a ɗauki matsakaicin kuɗin da aka sayar da motoci uku ko huɗu masu irin wannan samfuri da shekara da lafiya kwanan nan, a cire kuɗin gyaran da bakanike ya rubuta, a ƙara wani abu a kan kuɗin gyaran domin abin da ba a gani ba sai an kwance.

Ga mai niyyar kawo irin wannan mota Nijeriya ko Nijar, farashin Kalifoniya ko Jamus somin-taɓi ne. Akwai kuɗin jirgin ruwa da inshora da kwastam, kuma ya kamata a tambayi hukumar kwastam tun kafin a biya ko sisi game da ƙa'idar shekarun motar da aka yarda a shigo da ita. Motocin Ingila sukan zo da sitiyari a dama, alhali Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama na titi tun Afrilun 1972 kuma hukumomi ba su amince da irin waɗannan motoci ba, juya sitiyarin kuwa yana cin kuɗi yana kuma zubar da darajar motar. Kusan duk kayan gyara daga waje za a yi odarsu da dala ko yuro. Sannan masu neman tsohuwar 911 a Kano ko Abuja ko Yamai ba su da yawa, don haka wanda ya saya da tunanin zai sayar da riba ya sa a lissafinsa cewa mai yiwuwa sai ya sake biyan kuɗin jirgi ya mayar da ita inda masu sayenta suke.